Kama da Wane Ba Ta Wane: Darasi daga Bindigar Ross

Wani ƙanen mahaifiyata maharbi ne a wani ƙauye gabas da Baure, yatsu uku gare shi a hannun hagu. Tun muna yara muke ganin hannun nan, mun kuma san labarinsa kamar yadda muka san hanyar rijiya: bindigar toka ce ta fashe masa a wata farautar rani, ranar da ya fara harba ta bayan an sake mata bututu. Wannan tsohon zance ne. Sabon shi ne, bara ana saura 'yan kwanaki Sallah, na tarar da shi a rumfar maƙera da wata bindigar a kan cinya. Kunamarta ta saki, shi kuwa ya sayo wata a wata kasuwar bakin iyaka, ya zo da ita naɗe cikin ledar burodi.

Maƙerin ya karɓa ya jujjuya, ya kai ta kusa da ido, ya ƙwanƙwasa ta a kan uwar maƙera ya kasa kunne. Sai ya ce, "Baba, wannan aikin ina ne?"

Kawu ya faɗi sunan garin. Maƙerin ya yi shiru ya shiga gyara gawayi, alhali gawayin lafiyarsa lau.

"Ba za ta shiga ba ne?"

"Shiga kam za ta shiga, Baba, in na ɗan ci gefenta da magagari."

"To ka ci mana, yaro. In ta shiga ai shi ke nan."

Ban ce uffan ba, don ɗan 'yar'uwa ba ya koya wa kawunsa farauta a gaban mutane. Amma maganar ta bi ni har gida. Ita ce dai muke ji a garejin babura da wurin masu gyaran injin ban-ruwa: a dage, a buga, a cusa, in ya shiga a tafi. Babur in ya ƙi, iyakaci ka turo shi gida kana gumi. Bindiga kuwa ƙarfenta a jikin kumatunka yake, tsakaninsa da idonka bai kai taki ɗaya ba. Kuma akwai wata ƙasa sukutum da ta taɓa cewa "in ta shiga ai shi ke nan", ta biya da jinin 'ya'yanta.

Ƙasar ita ce Kanada. Bayan yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu, Kanada ta so ta daina jiran bindiga daga Ingila, ta riƙa ƙera tata. Sai wani attajiri ɗan Sikotlan mai suna Sa Charles Ross ya kawo samfurinsa, aka ƙulla yarjejeniya, ya kafa masana'anta a birnin Quebec a 1903. Bindigar Ross ba ta rasa abin yabo ba. Wajen saiti ta yi zarra, ta ci gasar harbi har a Ingila. Sakatarta, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a ciki, ja da turawa kawai ake yi mata, ba sai an murɗa ba kamar ta Lee-Enfield ta Ingila. Ta kuma samu uban gida, Sam Hughes, wanda ya zama ministan soja a 1911, mutumin da duk wanda ya kushe Ross ya zama abokin gabarsa.

A watan Afrilu na 1915 sojojin Kanada suka shiga wuta sosai a Ypres ta ƙasar Beljiyam, inda Jamusawa suka sako iskar guba. Nan ne asiri ya tonu. Soja zai yi 'yan harbe-harbe a jere, bindiga ta ɗau zafi, sai ƙwanso ya maƙale, sakata ta ƙi jawuwa. Ga abokan gaba na tahowa, ga mutum yana dukan sakatar bindigarsa da dunduniyar takalmi ko da shebur ɗin tonon rami. Da yawa suka jefar da Ross suka ɗebi Lee-Enfield daga hannun gawarwakin sojojin Ingila, duk da an hana.

Abin lura a nan shi ne, bindigogin biyu harsashi iri ɗaya suke ci a takarda, wanda ake kira .303. Sunansa ɗaya, lambarsa ɗaya, in ka ɗora biyu a tafin hannu ba za ka bambance ba. Amma Ross an matse mata ɗakin harsashi, don an auna ta ne da harsashin Kanada mai tsantsar awo. Harsashin Ingila na lokacin yaƙi kuwa masana'antu barkatai ke fitar da shi cikin gaggawa, wani ya ɗan fi wani kauri da abin da bai kai silin gashi ba, wani tagullarsa ta yi laushi. Lee-Enfield an yi mata ɗaki mai yalwa, tana haɗiye kowanne, ga murɗa sakatarta na taimakawa wajen fizgo ƙwanson da ya kumbura. Ross kuwa harsashin zai shiga lami lafiya, fitowa ce jidali. Ga kuma laka da yashin ramukan yaƙi, waɗanda haƙoran sakatar Ross ba sa jurewa.

Sai aka yi abin da Kawu ya ce a yi: a ci gefe da magagari. Aka bi bindigogin ana faɗaɗa musu ɗakin harsashi. Aka gyara nan, can ta ɓalle, don an gano cewa wasu kawunan sakatar ƙarfensu bai yi tauri ba, dukan da ake yi musu yana lauye haƙoransu, lauyewar kuma tana ƙara maƙalewa.

Akwai wanda ya fi wannan muni. In soja ya kwance sakatar Ross samfuri na uku don ya goge ta, yana iya mayar da ita ba daidai ba, kuma ta koma mazauninta ta rufe kamar komai lafiya. Ta shiga, amma ba ta kulle ba. Yana jan kunama sai sakatar ta yo baya da ƙarfin harbin, ta nufo fuskarsa. Sai daga baya aka dasa mata wata 'yar ƙusa don kada ta haɗu a karkace.

Janar Edwin Alderson, kwamandan sojojin Kanada da ya rubuta gaskiyar halin bindigar, shi aka fara cirewa daga muƙaminsa a 1916. Wannan ma mun san irinsa. Amma kafin shekarar ta ƙare an janye Ross daga hannun sojojin fagen fama, Hughes ya rasa kujerarsa a watan Nuwamba, a 1917 kuma gwamnati ta karɓe masana'antar. Waɗanda suka riƙe Ross har ƙarshen yaƙin su ne gwanayen harbi daga nesa, irin su Francis Pegahmagabow, don su suna zaɓen harsashinsu ɗaya bayan ɗaya, suna kuma goge bindiga kamar amarya. Ashe ba kowane abu ne ya lalace a jikinta ba. An haɗa ta ne da abin da ba a auna ta da shi ba, mai ƙarfi a gwamnati kuma ya toshe kunne.

Na san abin da mai karatu zai ce: to ai sai a guji kayan maƙerin da ya yi ƙaurin suna, a nufi mai suna mai kyau. Haka ne, amma da sauran rina a kaba. A Amurka babu masana'antar bindiga da ta kai ta gwamnati da ke Springfield daraja a wancan zamani. Duk da haka, bindigarta samfurin 1903 ta riƙa tarwatsewa jefi-jefi a hannun sojoji, uwar jikinta ta fashe kamar kwalba. Wani hafsa mai suna Julian Hatcher ya tattara irin wannan fashewa guda 68 tsakanin 1917 da 1929. Da aka bi sawu, sai aka tarar cewa tsofaffin ma'aikatan da ke gasa ƙarfen da ido suke auna zafinsa, su dubi launin jan da ya yi su ce ya isa. Sun ƙware, suna kuma alfahari da ƙwarewarsu. Da aka kawo na'urar auna zafi a ƙarshen 1917, sai ta nuna cewa abin da idonsu ke kira "ya isa" ranar da rana ta take yana iya fin na ranar da hadari ya rufe da digiri 300 a ma'aunin Amurka. Hasken rana na dusashe jan ƙarfe a ido, sai su yi ta ƙara wuta har ƙarfen ya ƙone, ya zama mai gautsi. Har yau masana na gargaɗin kada a harba wadda lambarta ta gaza 800,000 in ta Springfield ce, ko 285,507 in ta ɗaya masana'antar gwamnati ta Rock Island ce. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau, amma babu mai iya duban guda ya ce wannan ce mai lafiyar.

Da na karanta wannan sai na tuna rumfar maƙeranmu, yadda take da duhu-duhu ko da tsakar rana. Kakanninsu ba su san digiri ba, amma sun san jan ƙarfe ba ya faɗin gaskiya a cikin rana. Sai dai abin da ya ishi fartanya da lauje bai ishi ƙarfen da zai riƙe fashewar albarushi ba. Fartanya in ta yi gautsi ta karye a kunya, ka koma gida ka ɗauko wata.

Mu nan ƙasar Daura ba baƙin bindiga ba ne. A ƙarni na 19, lokacin da sarautar Daura ta rabu uku, ta Fulani a birni, ta Haɓe a Zango da Baure, babban ƙarfin da ke arewa da mu shi ne Damagaram, kuma ƙarfin Sarki Tanimu a bindiga yake. A Zinder har igwa ake zubawa, ana haɗa albarushi. Sauran bindigogin kuwa ta Sahara suke zuwa daga Tarabulus, ko su hauro daga bakin teku. Waɗannan na bakin teku su ne kakannin bindigar tokarmu, kuma tarihinsu ba mai daɗi ba ne. Masanin tarihin nan ɗan Nijeriya, Joseph Inikori, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 bindigogi 283,000 zuwa 394,000 ke shigowa Afirka ta Yamma kowace shekara, akasari don musayar bayi. Kaso mai yawa daga birnin Birmingham na Ingila yake fitowa, kuma mafi arha daga ciki da ƙarfen banza ake yin su, ba tare da wani gwajin kirki ba. Turawan da kansu sun rubuta yadda suke fashewa suna cire wa mutane yatsu da hannuwa. Bayan taron Brussels na 1890 kuma aka hana sayar wa yawancin Afirka bindigar zamani, aka bar mu da mai ƙyastu da albarushin kasuwa. Shi ya sa ta zauna mana har yau.

Birmingham, ke nan, ita ce "garin nan" da maƙera ke yin shiru in an ambata. Maƙeran Landan, waɗanda ke da gidan gwajinsu tun ƙarni na 17, ba abin da ba su faɗa a kan aikinta ba. Yadda ta wanke sunanta shi ne darasin da ya fi damuna. Ba a rufe maƙerunta ba, ba a kuma tsaya wa'azi ba. Masu sana'ar ne da kansu suka nemi doka, majalisa ta yi ta a 1813, aka gina gidan gwajin bututun bindiga a titin Banbury, da kuɗinsu. Ana jera bututai a wani ɗaki mai kaurin bango, a ɗura musu abin da ya fi ƙarfin ɗurin yau da kullum, kowa ya fita a rufe ƙofa, a tayar da su daga waje. Wanda zai fashe ya fashe a can, inda babu hannun kowa. Wanda ya tsira a duba shi, in babu kumburi ko tsaga a buga masa hatimi a jikin ƙarfe. Sayar da wanda ba shi da hatimi ya zama laifi, dokar 1868 ta ƙara ɗaure zancen. Gidan nan yana nan yana aiki har gobe, shekara fiye da 200. Mai saye ba sai ya tambayi halin maƙeri ko garinsu ba, hatimi yake dubawa. Maƙerin kirki da ke zaune a garin da ya yi baƙin suna ya samu hanyar fita kunya, na banza kuma bututunsa ya tona shi tun kafin ya kai kasuwa.

(Kada wani ya karanta wannan ya ce zai ɗaure bindiga a gindin bishiya ya ninka mata albarushi don gwaji. Gwajin da ba awo a cikinsa yana iya barin tsagar da ido ba ya gani, sai ranar da ka ɗora ta a kafaɗa ta ƙarasa.)

Saura maganar shiga da rashin shiga. Mun saba da kayan gyaran babur, inda fulogin wannan ke hawa wancan, har muna ganin haka duniya take tun fil azal. Ba haka ba ne. A 1801 Eli Whitney ya je gaban shugabannin Amurka ya nuna musu wai sassan bindigoginsa suna hawa juna, aka yi ta tafi, sai bayan shekaru masu yawa masu bincike suka kwance bindigoginsa suka ga kowane sashe da hannu aka gyara shi don bindigarsa kaɗai, har da alamar da ke nuna wanne ne na wacce. Wanda ya yi abin da gaske shi ne John Hall a Harpers Ferry, bayan ya shafe shekaru yana ƙera injuna da ma'aunai: a 1826 aka kwance bindigoginsa 100, aka cakuɗa sassan, aka sake haɗawa suka tashi. Ko a zamanin injin ma ba a tsira ba. Bindigar FAL ta Beljiyam, wadda sojojin Nijeriya suka daɗe suna riƙewa, da milimita aka auna ta. Da Ingila ta yi tata mai suna L1A1 sai ta mayar da awon inci. Ka gan su kamar Hassan da Husaini, amma gidan harsashin ta Ingila ba ya hawa ta Beljiyam. Tsofaffin makanikai da suka yi zamanin Bedford da Fijo sun san wannan, sifanar wannan ba ta kama notin wancan sai dai ta cinye masa kai.

To in haka ne ga masu injin da ma'auni, ina ga bindigar maƙera? Kowace bindigar toka 'ya ɗaya tilo ce, ba ta da ya ba ta da ƙanwa. Maƙerin da ya yi ta, a jikinta ya auna kunamarta, ya ci nan ya rage can har suka kama juna. Saboda haka babu wani abu wai shi kayan gyaranta a kasuwa. Kunamar da Kawu ya sayo, ko da mafi gwanintar maƙeran duniya ne ya yi ta, wa wata bindigar aka yi ta, ko kuma ba a yi ta wa kowace ba. In aka ci gefenta don ta shiga, ana iya cinye 'yar gaɓar da ke riƙe ta in an ɗana, kuma ana iya cinye fatar waje mai tauri a bar laushin ciki. Irin wannan ce ke tashi da kanta in mutum ya yi tuntuɓe, ko in doki ya zabura a cikin taron hawa. Wanda ke gaba shi ke kwana a ciki, ba mai bindigar ba. Bututu kuwa ya fi haka haɗari. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu da bututun famfo suke yi, wanda ke da kabu a tsawonsa, an yi shi don ruwa ya bi, ba don wuta ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce wannan rariyar an shafe ta da baƙin mai an sa mata ƙota mai sheƙi, mai saye bai san rariya ya saya ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su gida uku, ta sa irin wadda ake ɗurawa ta baki a gida na uku, ta kuma ce ƙira ko gyara sai da izinin hukumar 'yan sanda. Amma izini takarda ce, tana faɗin wa ya halatta ya riƙe, ba ta faɗin ko ƙarfen zai riƙe. Kuma tun da matsalar 'yan bindigar daji ta addabi yamma da kudancin jihar Katsina, su Jibiya da Batsari da Safana da Faskari, har gwamnati ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, buƙatar bindigar gida ta ƙaru ko'ina, kowane mai walda ya zama maƙeri. Mu da Allah ya sawwaƙe wa a wannan kusurwa, bindigarmu ta farauta ce da gadin gona da hawan Sallah, don haka mu ne ke da sararin gyara abin a natse.

Ba sai mun gina irin gidan Banbury a Baure ba. Muna da abin da Birmingham ba ta da shi, wato sarautar sana'a. Akwai Sarkin Maƙera, akwai shugabannin maharba, akwai hakimi, akwai ofishin 'yan sanda. Su zauna su san maƙeran da ke da izinin taɓa bindiga, kowanne ya samu alamarsa da zai riƙa bugawa a jikin duk abin da ya ƙera ko ya gyara, yadda in ta fashe za a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A hana baje kunama da bututu a tabarma kamar kayan koli. Batun gwajin ƙarfe kuwa na hukuma ne, kuma masu ilminsa na nan: masana'antar kayan yaƙi ta DICON tana Kaduna tun 1964, ga kwalejin fasaha ta tarayya a nan Daura. Abin da ya rage shi ne masarauta da ƙananan hukumominta biyar su nema.

Ranar nan dai maƙerin bai ci gefen kunamar ba. Ya ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara. Bar mini bindigar kwana biyu in yi mata tata." Kawu ya yi ta faɗa a kan kuɗin da ya riga ya kashe, ya ce yaran yanzu ba su da ta ido, sannan ya jingine ta a bango da hannun nan mai yatsu uku ya tafi.

Sallar Gani na tafe, 'yan bindiga za su fito. Wanda duk ke da bindigar toka a ɗaki da aka sake wa bututu ko kunama da kayan kasuwa, don Allah kada ya ɗura ta a cikin taro sai ya kai wa maƙeri mai izini ya kwance ta ya duba.